Rairayar Ƙasar Kufai a Gabashin Sakkwato

Daga Zariya zuwa Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, babu abin ba da labari sai addu'a, domin kowa a motar burinsa a wuce dajin Zamfara da sauran rana. Abin da ya kai mu Sakkwato shi ne rairayar ƙasar kufai, wato tace ƙasar tsofaffin gidajen da aka tashi aka bari, a ga abin da masu gidan suka yar ko ya ɓace musu. Na dawo da tabbacin cewa ƙasar Sakkwato ta fi tamu daɗin wannan aiki nesa ba kusa ba, kuma ta fi tamu shiga haɗarin 'yan haƙa.

Kafin shiga gari aka tsayar da mu a wani shinge. Ma'aikacin ya buɗe but, ya ga cebur da kwanon sarki da buhuna, nan take ya yanke hukunci cewa masu haƙar zinariya ne mu. Ko sallamarmu bai amsa ba. Ya zazzage jakar ledoji a ƙasa, ya taka littafin rubutunmu, yana ta "ku faɗi gaskiya" da tsawa, alhali a cikinmu akwai dattijon da ya haife shi. Zarginsa yana da tushe, don tun bayan gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 duk mai ɗauke da kayan tace ƙasa abin tuhuma ne a wannan hanya. Amma bincike daban, wulaƙanci daban. Hotunan tsingaro da wuri, wato kuɗin mutanen da, waɗanda ke cikin waya su suka kwance mu. Mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙe katin shaida da hotunan aikinsa, kuma ya bar rariya ya haɗa ta a can.

Haka muka yi. Ragar waya a kasuwar Sakkwato ta ɗan fi ta Sabon Garin Zariya tsada, mai shagon ya ce kuɗin mota daga Kano ne, na kuwa yarda da shi. Aikin hannu ne ya yi arha har na ji nauyi. Kafintan da ya haɗa mana katako ya faɗi kuɗinsa sau ɗaya, na taya, ya ce "albarka" ya ci gaba da aikinsa, bai bi ni da magiya ba. Da na dawo kan farashinsa sai ya ƙara mana maratayi kyauta. A gida da mun ɓata rabin awa muna ja-in-ja kafin a daidaita a inda aka san za a daidaita.

Rariya uku ake bukata. Kowacce katako ne mai tsawon santimita 60, faɗi 45, zurfi 10, in ta fi haka girma kafaɗa ba ta jurewa. Ta farko ragarta mai ido milimita 6 ce, wadda magina ke tace yashi da ita, ita ke tare tsingaro da wuri da kwabbai. Ta biyu milimita 3. Ta uku ragar taga ce ta sauro, don ƙananan duwatsun ado kaɗai. A kafa ragar daga ƙasan katakon, a danne bakinta da siririn katako a bi da ƙusa, in ba haka ba bakin waya zai yanke tafin hannu, kuma nauyin ƙasa zai ɓalle ta daga kusurwa.

Ƙauyen da muka sauka yana kan hanyar Wurno, an wuce Acida. Ba zan faɗi sunansa ba saboda masu bin sawu. Hakimin garin dattijo ne, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya tambaya, "To Malam, mi kuka biɗa?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ba tono muka zo yi ba. Mun ji ana ɗibar ƙasar gini a tsohon gari, ita muke roƙo a bari mu tace kafin a kwaɓa." Ya yi shiru, sannan ya ce mu ɗiba, amma in mun ishe ƙashin mutum mu maishe shi inda yake mu kira shi. Sharaɗinsa ke nan, bai nemi ko sisi ba. Ya ba mu ɗakin zaure, kullum da hantsi ƙwaryar fura da nono, da dare tuwon shinkafa da miyar sure, ga hoce da yara ke kawo mana har bakin aiki. Da muka miƙa ɗan abin goro ranar tafiya, ya ce a ba matan da suka yi girki. Mu mutanen birni mun yi nisa da irin wannan karamci, kuma abin ya dame ni.

Kufai ba ya ɓuya ga mai lura. Za ka ga kukoki manya sun taru wuri guda a tsakiyar gona, ga ɗan tudu, ƙasar wurin ta yi toka-toka ta bambanta da jigawar da ke kewaye, tsingaro ya bazu a kan kunya. Manomi zai gaya maka geron wannan gefen ya fi tsawo kowace shekara. Tudun nan juji ne, kuma juji ya fi tsakar ɗaki albarka, don ɗaki kullum ana share shi, abin da aka share kuwa juji ya nufa. Wannan taki da tauri na ƙasar kufai su ke sa manoma kwasarta zuwa gona, magina su haƙe ta su yi tubali. Tulin da suka riga suka haƙo shi ne rabonmu, da bakin kwazazzabo inda ruwan damina ya zaftare. Ba ma buɗe sabon rami. Ƙasar da ba a taɓa ba hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, wanda ya soka mata cebur ba da ilimi ba ya rushe wannan jeri har abada.

Ga yadda aikin ke tafiya. A shimfiɗa buhu ko tamfol, a ɗora rariyar milimita 6 a kan ta milimita 3. Rabin kwanon sarki ake zubawa a lokaci guda, in an cika rariya ƙasar ba ta motsi, nauyinta kuma yana murƙushe wuri. A girgiza gaba da baya, ban da jefawa sama. A juya wa iska baya, a hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, a rufe hanci da takunkumi ko rawani. Hoge da hannu ake murje shi, ba da bayan cebur ba. In ƙasa ta ƙare a baje abin da ya rage da cokalin magina, a duba daga kusurwa zuwa kusurwa kafin a zubar. A nan na ga bambanci da gida: jar ƙasar Zariya mai yumɓu sai an jiƙa an dama, ta Sakkwato kuwa zuba take kamar gari, aikin yini a wurinmu a nan kafin azahar an gama. Gefen fadama ne kaɗai laka ke toshe raga. Irin wannan sai a jiƙa ta a baho kamar rabin awa, a zuba a ragar sauro, a bi da ruwa a hankali. A fara da sassafe a tashi kafin rana ta take, kuma kada a ɗaga babban tsingaro da yatsu, a tura shi da cokali tukuna, kunama da kububuwa na son ƙarƙashinsa.

Wuri ne ya fi fitowa, kuma iri biyu ne. Akwai ƙarami mai ƙulle-ƙulle a gefe, asalinsa tsibiran Maldibs a tekun Indiya. Akwai mai ɗan girma da santsin baya, wanda yake da zobe ruwan ɗorawa lokacin da yake sabo, shi daga gaɓar Zanzibar 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo shi tun wajen shekarun 1840, har darajar wuri ta faɗi. A ƙasa launin yakan koɗe duk su yi fari, siffar ce ke raba su. Tulin da mai santsin baya ya yi yawa a cikinsa yana nuna an zauna a wurin har bayan tsakiyar ƙarni na 19. Na riƙe guda a tafin hannu, bayansa a fashe, bakinsa cike da toka, na tuna sai an tara irinsa 20,000 kafin a ce keso ɗaya. A tuli guda kuma anini ya fito, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, wanda goma ke yin kobo. Samun su tare ba abin mamaki ba ne, an daɗe ana cinikin wuri a kasuwannin ƙauye bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903.

Sauran abin da rariya ta tare: gululun mazari na yumɓu, wani da zane a kewaye, shaidar matan gidan masu kaɗi ne, da gutsuren lofe, da kashin maƙera mai nauyi da ramuka, da ƙananan duwatsun ado shuɗi da ja waɗanda sai a ragar sauro suka tsaya. Lofe na da amfani wajen ƙiyasi, tunda taba daga Amurka ta zo, ba ta kai ƙasashenmu ba sai wajen 1600. Tsingaro ba a kwashe shi duka. A ɗauki baki, da gindi, da mai zane irin wanda aka murza igiya a jikin ɗanyen yumɓu, sauran a bar su a wurin. In ka ga baƙin sandan cikin batir ko gutsuren kwanon fenti a rariya, ka rubuta, domin tulin ya gauraya da na zamanin kakanninmu.

Yawancin ɓarna bayan an samu abu take faruwa. Kada a goge kwabo da lemun tsami ko tsamiya ko toka, suna cinye rubutun, busasshen buroshin haƙori ya isa. Wuri kuwa tsami narkar da shi yake yi. Ƙarfe ba a wanke shi, ruwa na tayar da tsatsa ya ɓarɓashe cikin 'yan makonni. Tsingaro a wanke da ruwa zalla, a shanya a inuwa, sai ya bushe sarai a sa a leda, in da danshi zai yi fumfuna. Wanda ke da baƙin girki a ciki kada a wanke shi sam, masana na iya gano abin da aka dafa. Kowace leda da takardarta, a rubuta da fensir don biro na koɗewa: rana, wuri, lambobin taswira daga waya, da tulin da abin ya fito. Gululun da ba a san inda aka tsince shi ba, dunƙulen yumɓu ne kawai.

Wani dillali ya biyo mu masauki da kan mutum-mutumi na yumɓu a cikin tsumma, yana neman tayi. Mun ƙi ko taɓawa. Irin waɗannan gumaka na yankin Sakkwato, tare da na Nok da Katsina, suna cikin jerin kayan da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2000 saboda yawan satar su zuwa Turai. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi ba da izini ba, ta hana cinikinsu da fitar da su haka nan. Duk wanda ya saya, shi ya biya kuɗin ramin gobe. Na ji takaicin yadda ake sayar da abin da ba za a sake yin irinsa ba a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba.

A Wurno rariya ba ta fito daga mota ba, ziyara muka kai hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837. Albasa da tafarnuwa sun yi arha, kowa ya cika buhu. Sifawa ta wajen Boɗinga, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ido kawai muka ba ta. Surame mai ganuwar dutse, birnin Kanta na Kabi, tana ƙarƙashin kariyar gwamnati tun 1964, ko tsakuwa ba a ɗauka. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, direbobi suka ce hanyar Sabon Birni ba ta biyuwa yanzu, muka haƙura.

Kafin mu kama hanya mun baje duk abin da aka samu a zauren hakimi, ya gani da idonsa, aka bar masa kwafin jerin. Mun shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu muka gwada zanen tsingaronmu da tukwanen da ke ajiye, sannan muka rubuta wa hukumar gidajen tarihi rahoto da hotuna da lambobin wurin. Maginan sun ce bayan girbi mai zuwa za su buɗe gefen arewa na tudun, hakimi kuma ya yi alkawarin aiko mana da saƙo kafin a zuba wa ƙasar ruwa.