Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a neman ƙannenmu a dajin William Creek

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, ƙannenmu biyu da suka kwana biyu a hamadar Kudancin Ostareliya sun dawo Adelaide lafiya. Mu yayyensu da ke nan muka ga ya kamata mu yi godiya a fili, mu kuma faɗi abin da ya faru dalla-dalla, tunda ɗalibanmu da yawa kan yi irin wannan tafiya a hutun ƙarshen shekara, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasar nan.

Godiyar farko ta dattijuwar da suke haya a gidanta ce. Ita ta sa suka rubuta mata hanyar da za su bi, da lambar mota, da lokacin da za su kira ta. Da lokacin ya wuce ba ta ji su ba, ba ta tsaya wata-wata ba, ta kira 000, lambar kiran agajin gaggawa ta ƙasar nan. Ba don takardar nan ba, da babu wanda ya san inda za a fara dubawa. Mama, Allah ya saka miki da alheri.

Daga Coober Pedy zuwa William Creek kusan kilomita 165 ne na burji, babu gidan mai, babu sabis ɗin waya. Hanyar ta ratsa Anna Creek, gandun kiwon shanu mafi girma a duniya, kuma ƙananan hanyoyi na zuwa rijiyoyin burtsatse suna ɓallewa daga jikinta. A taswirar waya duk kamarsu ɗaya. Ɗaya daga ciki suka bi har ta kai su busasshen rafi, mota ta kafe a yashi.

A nan aka yi babban kuskuren. Tayoyin suna kan psi 40 (ma'aunin iskar taya), iskar kwalta, suka yi ta taka totur har cikin motar ya zauna a ƙasa, kulochi ya ƙone. Da taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, tsayawa ake yi. A rage iska zuwa psi 16 ko 18 don tayar ta baje, a haƙe yashin gaban tayoyin huɗu da shebur, a saka katako ko rassa, a sa ƙaramar giya, a ja a hankali. Sun ji tsoron sace iskar don ba su da ma'auni ba su da famfo. A ganinmu ko a haka gara su rage, su lallaɓa a hankali har gari.

Ruwansu lita 20 ne, su biyu. Ya yi kaɗan ƙwarai. Lissafinmu lita 10 ga mutum ɗaya kullum, da ƙarin na kwana uku, a raba a jarkoki da yawa don kada ɗaya ta fashe a rasa duka. Zafin garin Oodnadatta da ke yankin ya taɓa kai digiri 50.7 a ranar 2 ga Janairu 1960. Ruwan lagireto kuwa guba ne, ba a sha.

Amma sun yi abu ɗaya daidai: ba su bar motar ba. Sun ɗaura tamfol a gefenta suna kwanciya a inuwa da rana, sun bar bonet a buɗe, sun ciro madubi suna haska sama. Daga jirgi ana hango mota, mutum a ƙafa kuwa da wuya. A Disamba 1998 wata 'yar Ostiriya ta bar motarsu da ta kafe a Halligan Bay, bakin tafkin Eyre, ta nufi William Creek a ƙafa, ta rasu a hanya, alhali akwai ruwa a motar. Da aka zo ɗaukar motar, iskar taya aka rage, aka ɗan haƙa, ta fita.

Muna godiya ga 'yan sandan Coober Pedy, da matuƙin ƙaramin jirgin da ya hango hasken madubin, da ma'aikacin gandun da ya bi sawun taya ya kai musu ruwa, da likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor Service da suka ba da shawara ta waya: a sha ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kada a kwankwaɗa. Jama'ar masallaci da iyayenmu na gida da suka raba dare suna addu'a, Allah ya bar zumunci.

Kuɗin da kuka tara ya biya janyo motar, domin inshorar haya ba ta ɗauki hanyar burji ba (a riƙa karanta takardar kafin a sa hannu). Ragowar za mu sayi na'urar kiran agaji ta PLB guda biyu. Tana aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a mita 406 MHz, kuma rajistarta a AMSA, hukumar ƙasa mai kula da aikin ceto, kyauta ce. Inda babu sabis na kowane kamfani, 000 ma ba ya shiga, rediyon UHF na direbobi a tasha ta 40 kuwa iyakarsa 'yan kilomitoci. Duk mai tafiya arewa ya zo ya ara.

Masu son zuwa barka, a bari sai bayan sallar Juma'a, yaran suna buƙatar hutu.