Ni da Silvia har ƙarfe biyun dare

Wallahi jiya sai da na kai ƙarfe biyu na dare ina fama da wani gem na mota a burauza, ba sai ka sauke komai ba, ka buɗe shafi kawai ka kama tuƙi da kibod. Na zaɓi Nissan Silvia S15, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2002, injinta SR20DET mai turbo, kuma tayoyin baya ne ke tura ta, shi ya sa 'yan dirifti, masu sa bayan mota ya zame da gangan a kwana, ke mutuwar sonta.

Da farko wauta na tafka, duk kuɗin da na tara a gem ɗin na zuba wa inji, ƙarfi ya yi yawa, ina taka totur a kwana sai motar ta kama juyi kamar katantanwa, bango kam ya sha duka. Sai da na koma gareji na rage mata tsayi, na ƙara wa sitiyari lanƙwasa, na kulle difarenshal don tayoyin baya su riƙa juyawa tare, sannan fa abu ya fara zama. Ka ɗan ja birkin hannu, baya ya fita, nan take ka murɗa sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, kana taɓa totur kana saki, don shi kibod bai san rabin taki ba, ko duka ko babu.

Keiichi Tsuchiya, shahararren ɗan dirifti, a hanyoyin duwatsun Japan ya goge da mota Toyota AE86, ni kuwa a kan tabarma, ga shi an ɗauke wuta tun magariba, batirin laftof ya mutu ina tsakiyar kwanar da ta fi kowacce kyau.