Daga Khartum zuwa Al-Ubayyid a kan sawun Bishop Komboni

A hunturun 2017 na je Sudan gaishe da kawuna, ɗaya daga cikin Hausawan da iyayensu suka yada zango a can kan hanyar Makka, zangon ya zama gida. Ban daɗe a Khartum ba na lura da wani suna da ba ya barin bakin mutane. Jikokin kawu suna makarantar Komboni, mai raksha, wato keke-napep, ma da Komboni yake kwatance. Da na tambaya, sai kawu ya ce, "Ɗana, fada ne, wato limamin Katolika, mutumin Italiya. A garin nan ya mutu, tun zamanin Turkawa."

Washegari ya kai ni tsakiyar gari na ga kwalejin, wadda mabiyansa suka buɗe a 1929, muka kuma leƙa majami'ar Waliyyi Matta da ke bakin kogin Nilu. A nan wata tsohuwar sista ta zaunar da mu, ta ba mu labarinsa ba gaggawa. An haifi Daniyel Komboni a 1831 a ƙauyen Limone, bakin tafkin Garda. Iyayensa talakawa ne, 'ya'ya takwas suka haifa, shi kaɗai ya girma. Shi ɗin nan tilo ya bar su a 1857 ya kamo hanyar Sudan. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san abin da uwa take ji in ɗanta ɗaya ya ce zai tafi inda ba a cika dawowa ba.

Kuma da gaske ba a cika dawowa ba. Masassara ta kashe abokan tafiyarsa da dama a Sudan, shi ma ta kore shi gida a 1859. Daga wannan asara ya fito da shawarar da ya rubuta a 1864, cewa Afirka da hannun 'yan Afirka za ta tashi. Bature ba ya jure yanayin, yaron Afirka kuma in an kai shi Turai yakan rasa lafiya ko ya rasa tushe. To a gina makarantu a cikin Afirka, a horar da malamai da masu sana'a da limamai, maza da mata, su ja ragamar da kansu. A 1867 ya kafa ƙungiyar maza a birnin Berona na Italiya, a 1872 ta mata, a 1877 aka naɗa shi bishop na Afirka ta Tsakiya.

Sistar ce ta ce in ina son in fahimce shi, sai na je Kurdufan, yankin da Al-Ubayyid take. Na hau bas da asuba, muka bi Farin Nilu har Kosti, muka haye gada muka fuskanci yamma. Tandalti, Umm Ruwaba, Rahad, ƙasa shimfiɗe, jan rairayi da ƙaya, nan da can itacen kuka. Wuni guda ya ishe mu. Shi kuwa a kan raƙumi ya yi wannan tafiya, kwana da kwanaki, da ruwan salka mai wari, ba sau ɗaya ba.

Al-Ubayyid ta yi mini kama da Kano ta dā. Kasuwarta cike take da ƙaro da riɗi da gyaɗa da zoɓo, na kuma ji Hausa a bakin masu awo, domin tsohuwar hanyar alhazai daga Borno da Wadai da Darfur ta nan ta ratsa. Amma a zamanin Komboni akwai wata haja da ta fi ƙaro kasuwa, wato mutane. Fatake suna kora yara da mata daga duwatsun Nuba da kudu, ɗaure da igiya, su bi ta garin nan zuwa arewa. Komboni ya ga wannan da idonsa a 1873, bai yi shiru ba. Ya dami gwamnoni da ƙorafi, ya cika Turai da wasiƙu, ya fanshi waɗanda kuɗinsa suka kai, wanda ya gudo gidan mishan kuma ya ƙi mayar da shi. Kusa da garin ya kafa ƙauyen Malbes, inda 'yantattun bayi ke noma abinsu su yi aure.

A harabar babbar majami'ar garin wani fada ɗan Nuba ya ba ni labarin da ya fi taɓa ni. Wani yaro ɗan ƙabilar Dinka da aka kamo ya tsere wa ubangidansa ya faɗa gidan mishan. Komboni ya karɓe shi, ya sa masa sunansa, ya tura shi karatu Roma. Yaron nan, Daniyel Surur, ya zama fada a 1887, na farko a cikin Dinka. Fadan ya ce mini, "Malam, ka ga abin da ya rubuta a takarda, ga shi a jikin mutum."

Ni Musulmi ne, kuma ban ɓoye wa fadan ba cewa babbar manufar Komboni, wato shigar da mutane Kiristanci, ba tawa ba ce. Yadda yake siffanta Afirka a rubuce-rubucensa ma akwai kallon tausayi daga sama irin na Turawan zamaninsa. Duk da haka ba zan tauye masa haƙƙi ba. A lokacin da manyan masana a Turai ke musun ko baƙar fata zai iya karatu mai zurfi, shi yana maganar jami'o'i a Afirka. Ya tura mata cikin Sudan su koyar, mutane na ce masa ganganci ne. Fari da yunwar 1878 suka cinye masa ma'aikata, bashi ya yi masa katutu, wasu 'yan'uwansa limamai suka yi ta kai ƙararsa Roma, bai tattara ya koma ba. Ya rasu a Khartum ranar 10 ga Oktoba 1881 yana da shekara 50.

Abin da ya biyo baya ya isa ya shafe sunan kowa. Mahadi, wanda ya yi wa mulkin Turkawa tawaye a Sudan, ya ci Al-Ubayyid a 1883, aka kama fadoji da sistoci, Khartum ta faɗi a 1885, aka tone kabarinsa. Ɗan abin da aka samu na ƙasusuwansa daga baya yana Berona. Mabiyansa suka dawo bayan 1898 suka sake farawa daga tushe, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya ayyana shi waliyyi a 2003.

Da na dawo Khartum ina ba kawu labari, sai ya ƙara mini wani abin da sistar ba ta faɗa ba. Sadiƙ al-Mahadi, tattaɓa-kunnen Mahadin da ya kori mishan ɗin, wanda ya yi firaministan Sudan sau biyu, shi ma ya zauna a ajin kwalejin Komboni yana yaro.