Sarakuna, ganuwoyi da dodon tsawa a takardun kuɗin Bhutan

Duk wanda ya saba zagaya wurin 'yan canji a Zone 4 da ke Wuse ya san cewa dala da fam da riyal ne ke yawo a hannu, don haka da wuya mutum ya ci karo da kuɗin Bhutan, wata ƙaramar masarautar mabiya addinin Buddha da ke maƙale a tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Sin. Sunan kuɗin ngultrum, an fara fitar da shi a 1974, kuma darajarsa daidai take da ta rupin Indiya. Wani maƙwabcina mai tara kuɗaɗen ƙasashe ne ya nuna mini su, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan takardun.

Kusan kowace takarda tana ɗauke da hoton dzong, wato katafaren gini mai kaurin bango wanda ya haɗa ganuwa da ofisoshin mulki da mazaunin malaman addini a wuri guda. A bayan ngultrum ɗaya akwai na Simtokha, wanda Zhabdrung Ngawang Namgyal, mutumin da ya haɗe ƙasar, ya gina a 1629. Na Punakha, wanda aka gina a 1637 a mahaɗar koguna biyu, shi ne a kan takardun 20 da 500, kuma ba banza ba, domin a cikinsa aka naɗa sarki na farko, Ugyen Wangchuck, a 1907. Takardun 100 da 1,000 kuwa suna nuna Tashichho da ke Thimphu, babban birnin ƙasar, inda ofishin sarki yake har gobe. Takardar 5 ce ta bambanta, domin ita wurin bautar Taktsang ta ɗauka, wanda ke rataye a jikin dutse kimanin mita 900 sama da kwarin Paro.

A fuskar takardun, daga 10 zuwa sama, sarakunan gidan Wangchuck ne, kuma a kan 500 ana ganin sarki na farko sanye da hular sarauta mai kan hankaka. Sai dodon tsawa, mai siffar ƙaton maciji da farata, wanda ke jikin tutar ƙasar ma. Akwai kuma alamomin sa'a na addinin Buddha, irin su farar katantanwar teku da ake busawa a wuraren bauta, tare da rubutun harshen Dzongkha.

A ganina, saƙon a fili yake: sarauta da addini a ƙarƙashin rufi ɗaya suke, kuma hukuma ba ta ɓoye hakan. Nairarmu ba za ta iya irin wannan magana ba. Ita dole ta raba daidai, Sardauna a ɗari biyu, Awolowo a ɗari, Azikiwe a ɗari biyar, kuma ba mu manta da ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardu a 2007 ba, alhali adadin kuɗin kawai aka rubuta da Hausa.

Sai dai wannan bai ɗaya da ake gani a ngultrum bai ƙunshi kowa ba. A kudancin Bhutan akwai al'ummar Lhotshampa masu magana da harshen Nepal, waɗanda akasarinsu mabiya addinin Hindu ne, kuma fiye da dubu ɗari daga cikinsu sun ƙare a sansanonin gudun hijira a Nepal a farkon shekarun 1990, bayan tsaurara dokokin zama ɗan ƙasa. Waɗanda suka rage suna cinikin yau da kullum da takardun da ke nuna gine-gine da alamomin al'adar arewacin ƙasar.