Fatar jan ƙarfe a cikin sanyin injin LHC

Sana'ata gyaran firigo da na'urar sanyaya ɗaki ce a nan Maraɗi, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san bututun jan ƙarfe ba ya rabuwa da laima cikin sauƙi. Ka ɗaura famfon zuƙe iska, allurar ma'auni ta sauka, ka rufe ka je salla. Kana dawowa ka tarar ta ɗan ɗago. Yaron shago zai ce maka: "Maigida, yoyo ne." Sau da yawa ba yoyo ba ne. Ruwan da ya manne a bangon bututu ne yake saki a hankali. Wannan halin na ƙarfe shi ya sa na nace wa karanta labarin LHC, injin gwara ƙananan ƙwayoyin zarra na cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da Jeneba, a kan iyakar Faransa da Suwis.

Zobe ne mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda ƙwayoyin furoton, waɗanda ake samu a tsakiyar ƙwayar zarra, suke gudu ayari-ayari cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Manyan maganaɗisu 1232, kowanne mita 15, su ke lanƙwasa musu hanya, kuma ana sanyaya su da ruwan hiliyam har zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi, kusan duk gas ɗin da ya taɓa bango daskarewa yake ya zauna nan. Bangon da kansa ya zama famfo. Hiliyam ne kawai mai taurin kai, shi ba ya daskarewa.

Sai dai furoton ba sa barin bangon ya huta. Idan suka sha kwana sukan fitar da haske mai ƙarfi, hasken ya bugi ƙarfe ya fizgo ilekturon, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki. Ayarin furoton na gaba, wanda yake tafe bayan nanosakan 25 kacal (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), ya ja ilekturon ɗin ya wurga shi ɗaya bangon, can ya fizgo wasu. Kafin ka ce kwabo sun cika bututu, suna tayar da gas ɗin da ya daskare, suna kuma zuba zafi. Zafi a wurin nan tsada gare shi: kafin a kwashe wat ɗaya a wannan sanyi, sai an kashe kusan wat 1000 na lantarki.

Dabarar da injiniyoyin CERN suka yi ta burge ni ƙwarai. Sun zura wani bututun inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, a cikin na farko, an shimfiɗa masa siririn jan ƙarfe ta ciki, ana riƙe shi da ɗan ɗumi, tsakanin digiri 5 da 20 a ma'aunin Kelbin, wanda a kansa sanyin bangon farko kusan digiri 2 ne. Shi ke tare zafin. Jikinsa da ƙananan tsaga, ta nan gas ɗin da aka tayar yake sulalewa ya manne a bango mafi sanyi na baya, inda haske ba ya kai masa. An zaɓi jan ƙarfe ne domin idan ya yi sanyi sosai lantarki yana bin sa kusan ba cikas.

Akwai kuma abin da suke kira goge bango. Da gangan ake barin ilekturon su yi ta dukan jan ƙarfen, har kabon ɗin da ke samansa ya rikiɗe, bangon ya rage amayar da ilekturon. Haka aka yi a shekarun farko, ya kuma yi aiki.

Amma bayan dogon hutun gyara da aka fara a 2013, da aka sake tayar da injin a 2015, sai huɗu daga cikin sassa takwas na zoben suka riƙa yin zafi fiye da sauran nesa ba kusa ba. Gini ɗaya, ƙarfe ɗaya, furoton ɗaya. Sai a hutu na biyu, a 2019, aka ciro wasu bututun aka duba fatarsu. A wuraren zafin an tarar da wata irin tsatsar jan ƙarfe, CuO, maimakon Cu2O da aka saba gani, ga kuma ƙarancin kabon. Kaurin wannan fata ƴan nanomita ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Zargin masu binciken ya karkata ga iskar da ta shiga lokacin da aka buɗe bututun don gyara, kuma a matsayina na mai buɗe bututu kullum, ban yi mamaki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da ya biyo baya. A zafin ɗaki, dukan ilekturon yana ɗan rage wannan tsatsa. A sanyi kuwa tana nan daram, tana ci gaba da amayarwa. Ke nan wanda ya gwada ƙarfen a kan teburinsa kawai zai rantse lafiyarsa ƙalau. Maganin da suka kama yanzu shi ne shafa wa cikin bututu siririn kabon, wanda tun asali ba ya fitar da ilekturon da yawa, kuma shi aka tsara shafa wa wasu sassan injin a aikin ƙara yawan karon furoton a cikinsa.