Ƙirgar shirwa daga kan Dutsen Dala

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga kaka, tsuntsaye masu farauta kan fara gangarowa ƙasar Hausa daga arewa. Wasu daga bakin hamada suke dawowa bayan sun bi ruwan sama, wasu kuwa tun daga Turai suka taso. Abin da ya tashe ni daga Zariya ke nan cikin watan Oktoba, da littafin rubutu da madubin hangen nesa a jaka. Na sauka a tashar Unguwa Uku, na kwana wajen wani abokina a Gwammaja, washegari da sassafe adaidaita sahu ta ajiye ni a gindin Dala.

Hawan ba wuya, akwai matakala. Daga sama birni yana shimfiɗe a gabanka: ga Goron Dutse ta yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga kududdufai suna ƙyalli a tsakanin unguwanni. Sama kuwa fayau, in ban da hankaki da garken tattabarun masu kiwo.

Sai da hantsi ya dubi ludayi aikin ya fara. Manyan tsuntsayen nan ba sa son wahalar kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta riƙa tashi, su buɗe fukafukai ta ɗaga su suna kewayawa har su zama ɗigo, sannan su sulale kudu su nemi wata. Iskar nan ba ta tashi a kan teku, shi ya sa na Turai suke cunkushewa inda ruwa ya fi ƙanƙanta, kamar mashigin Jibiralta tsakanin Sifen da Maroko, wanda faɗinsa a inda ya fi matsewa kusan kilomita 14 ne. A Batumi ta ƙasar Jojiya, inda duwatsu da teku suka matse hanya, masu sa kai suna ƙirgawa tun 2008, kuma sukan haura miliyan ɗaya a kaka guda. Kano ba ta da irin wannan matsatsi. Bayan sun keta Sahara, tafiyar sama da kilomita 1,500, warwatse suke isowa, don haka mai ƙirga a nan haƙuri ne jarinsa.

Shirwa ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ba da wuya. Jelarta mai tsaga ce ke nuna ta tun daga nesa, amma iri biyu ce: tamu ta Afirka bakinta rawaya ne, ta Turai bakinta baƙi. Matasan tamu ma baƙin baki gare su, saboda haka duk wadda ban tabbatar ba sai in rubuta shirwa kawai. Sannan dole ka raba 'yan gari da matafiya. Wadda ke shawagi ƙasa-ƙasa ta wajen mayanka tana kai da komo, abinci take nema, ba ta shiga lissafi. Wadda ta hau can ƙololuwa ta miƙe kudu ba waiwaye, ita ake sa wa alama, tare da lokaci da inda iska ke kaɗawa. In suka taho a dunƙule, goma-goma ake ƙiyasta su, kuma sai sun fara sulalewa a jere, domin in suna kewayawa ido ruɗewa yake ya ƙirga ɗaya sau biyu.

Can wajen sha ɗaya tattabaru suka tarwatse gaba ɗaya. Shaho ne ya dunƙule fukafukai ya faɗo cikinsu daga sama, bai samu ba, ya karkata ya nufi Goron Dutse. Yaran da suka kewaye ni suka ɗauki ihu, kowa na roƙon a ba shi madubi ya duba.

Wani dattijo da ya daɗe yana kallona ya matso.

"Ɗana, me ya ɓace maka a sama?"

Na rusuna na gaishe shi. "Baba, tsuntsaye nake ƙirgawa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ka ga ungulu?"

Ban gani ba, tun safe ko ɗaya. Ya ce da yana yaro ba ka ratsa kasuwa ko mayanka ba ka tarar da su jere a kan katanga ba, har kora ake yi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. A 2015 aka sanya ungulun da muka saba da ita cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba na kashe ta, masu tsibbu na sayen kanta da sassan jikinta, manyan itatuwan da take sheƙa a kai ana sarewa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta tafi a kan idonmu, ba mu riƙe lissafin da za mu ce ga shekarar da ta fara raguwa ba, don kowa na ganin ta yi yawan da ba za ta ƙare ba. Haka muke kallon shirwa a yau. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan da masu kallo ke turawa daga ko'ina a Najeriya, ta waya ma ana yi, kuma ɗalibin sakandare da ke zaune a Dala zai iya.

Azahar na gabatowa hazo ya fara rufe nesa, tsuntsayen kuma sun yi saman da ido ba ya kai musu. Na sauko, na yi salla, na ci gurasa da tsire, na nemi motar Haɗeja. A dausayin Haɗeja da Nguru ne da yawa daga baƙin Turai ke yada zango su yi rani, suna farautar fara da ɓeraye a bakin fadama.