Masopust da Pelé a Chile

Jiya da daddare, bayan an ɗauke wuta, na kunna waya na kalli tsohon wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1962 da aka yi a Chile. Hoton duk dishi-dishi, amma na ga Josef Masopust, ɗan wasan Czechoslovakia, ya fara jefa wa Brazil ƙwallo a minti na 15. Brazil ta rama, ta ci 3-1. Duk da haka Masopust aka ba Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai, a shekarar.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne tun a wasan rukuni tsakanin Brazil da Czechoslovakia. Pelé ya ji rauni, kuma a lokacin ba a canjin ɗan wasa, dole ya ci gaba yana ɗingishi. Masopust ya ƙi kai masa hari. 'Yan uwa, a Kofin Duniya fa! Yau wa zai ɗaga maka ƙafa?

Da Masopust ya koma horarwa, ya ɗauki kofin lig na Czechoslovakia da ƙungiyar Zbrojovka Brno a 1978, sannan ya riƙe tawagar Czechoslovakia daga 1984 zuwa 1987, sai dai bai kai ta wata babbar gasa ba. Ya rasu a 2015.